Jan Ɗigo da Gonar Iya Habi

Matameye, tsakiyar damina.

Zuwa ga Ramatu, Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya kai ki Yamai lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na direba mai gyangyaɗi, Ya sa ki tarar da gwaggonki cikin ƙoshin lafiya da sauƙin faɗa. Allah Ya sa wa karatun da za ki fara albarka.

Za ki yi mamakin ganin takarda a cikin jakar ordinatar alhali gida ɗaya muka kwana. Dalilin shi ne, duk lokacin da na fara yi miki nasiha da baki sai ki sunkuyar da kai kamar mai ladabi, ni kuwa ina ganin kafaɗunki suna rawa saboda dariya. Takarda ba ta ganin kafaɗa. Labarin gida ba zan ba ki ba, uwarki za ta ba ki shi a salula har ya yi miki yawa. Abin da nake da shi kurakuraina ne, kuma ba sai na tono na da ba, na bana kaɗai sun ishe ki guzuri. Tunda kin zaɓi karatun fim, sana'ar da ake nuna wa mutane abin da babu shi su kuma yi godiya, gara ki tafi da su. Kin san rabin labarin, don da hannunki a ciki. Ga ɗaya rabin daga wajena.

Na farko ke kika jawo shi. Kin tuna ranar da zan buga tambayoyin jarrabawa, kika riga ni buɗe ordinatar, kika sa shafin nan na intanet da ke kwaikwayon allon na'ura? Allo ya cika da shuɗi, ga rubutun Faransanci yana cewa na'ura tana sabunta kanta, kada a kashe ta, ga lamba tana rarrafe a ƙasa. Na zauna gabanta kamar mai jiran likita. Na kori kaji daga zaure. Na hana uwarki sa salularta a caji kada kuran, wutar lantarkin gidan, ya raunana. Na je sallar la'asar na dawo, na tarar lambar ta koma baya, sai na yi wa uwarki bayani mai tsawo cewa haka manyan na'urori suke yi, sukan ja da baya don su ƙara ƙarfi. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe. Can kika fito daga ɗaki idonki duk hawayen dariya, kika danna maɓalli guda a kusurwar hagu ta sama, shuɗin ya ɓace, tambayoyina suna nan yadda na bar su.

Shekara da shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane tarihi da labarin ƙasa a kwalej, ina ce musu ba duk abin da aka rubuta ne gaskiya ba, su tambayi wa ya rubuta, kuma me yake so. Ni kuwa da allo ya yi mini magana da Faransanci cikin muryar hukuma, sai na miƙe tsaye na sara masa. To ki kiyaye. A Yamai za ki ga abubuwa da yawa masu muryar hukuma, wasu allo ne, wasu da rigunansu da takalmansu. Kafin ki kori kaji dominsu, ki tambayi wa ya ajiye su a gabanki.

Amma wasan naki ban riƙe shi a zuci ba, kuma ina so ki san dalili. Kina kusa, kina leƙe. Kin ƙare shi tun rana ba ta faɗi ba. Abin da na yi asara yini ne da ɗan girma, kuma girman nawa dama ya yi yawa. Da aka gama har ni na yi dariya, ko da yake sai da na shiga ɗaki tukuna. Haka wasa yake in na kirki ne: mai yin sa yana tsaye a bakin ƙofar fita, da mabuɗi a hannu.

Na biyu kuwa nawa ne ni kaɗai. A lokacin ke da ƙawayenki kuna haɗa ɗan fim ɗinku a salula, na jandarma mace da ke neman san da aka sace. Kika nuna mini wani shafin: baƙin allo, duk maɓallin da mutum ya danna sai koren rubutu ya yi ta zuba kamar ya san abin da yake yi. A gefe ga taswira. In an rubuta suna, sai ta yi ta juyi, daga ƙarshe jan ɗigo ya fito yana ƙyaftawa daidai inda aka riga aka taɓa da yatsa. A fim ɗinku ya yi kyau ƙwarai. Jandarmarku ta buga maɓallai kamar mai kiɗan kalangu, ɗigo ya fito, aka gano sa, kowa ya tafa. Ba wanda aka cuta, don duk wanda ya zauna kallon fim ya riga ya yarda a ruɗe shi na ɗan lokaci.

Ni kuma sai na ce ai wannan kayan koyarwa ne. Na ɗauke shi zuwa ajin da ya fi kowane surutu, ranar kasuwa, ranar da rabin kujeru kan zama babu kowa. Niyyata mai kyau ce, Allah shaida: in nuna musu yadda ake karanta taswira, in ruɗe su kaɗan, sannan in tona asirin in ce kun ga yadda allo ke ƙarya. Na rubuta sunan ɗaya daga cikin waɗanda ba su zo ba, na taɓa wajen kasuwa, ɗigo ya fito. Ajin ya yi tsit irin wanda ban taɓa samu ba tun da na fara riƙe alli. Kuma da yake ranar kasuwa ɗan Matameye da ya gudu daga lakwal, ya bar aji, ba shi da wurin zuwa sai kasuwa, a can ɗin yake. Kafin in kai ga tona asirin aka buga ƙarfen tashi. Da na so, da na tsayar da su. Amma na dubi idanun nan da ke kallona kamar na sauko daga jirgi, sai na ce a raina gobe ma rana ce. Goben ta zo da wani darasi, jibi aka shiga jarrabawa.

Ga nasihar: in za ki koyar da ƙarya don a gane gaskiya, ki tabbata kin kai ƙarshen darasin kafin a buga ƙarfe. Rabin wannan darasi ya fi rashinsa muni. Kuma ki ji tsoron ranar da mutane suka fara yi miki kallon da ya fi ƙarfinki. Yana da daɗi, shi ya sa.

Yara suka kai labari gida, iyaye suka ƙara masa gishiri. Kafin a jima an ce Mushe, kamar yadda ake kiran mu malaman lakwal, yana da na'urar da ke ganin mutum ko yana ina. A bakin masallaci wani ya tambaye ni cikin raha ko tana ganin wanda ya ƙara aure a Kano bai faɗa ba. Na yi murmushi na wuce. Murmushin nan ma kuskure ne, ki lissafa shi.

Sai ga Iya Habi, maƙwabciyarmu mai ƙuli-ƙuli, da hantsi, ke kina wajen ƙawayenki. Kin san tun rasuwar mijinta, ɗanta Ilu kaɗai gare ta, kuma kin san yadda mazan garin nan suke: a gama girbi su tafi cin rani Nijeriya, in hadari ya fara haɗuwa su dawo su yi shuka. Ilu ya tafi Ikko kamar kullum. Tun tsakiyar rani salularsa ta daina shiga. Abokan tafiyarsa suna ta sauka a tasha da buhuna da rediyo, kowa ta tambaya sai ya ce sun rabu tun tuni, Ikko ba Matameye ba ce.

Ta ajiye kwanon ƙuli a gabana, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, sannan ta ce ta ji an ce ina da abin dubawa. Na ce mata, Iya, wannan abin wasan yara ne, ba ya ganin kowa. Na faɗa, Uwata, na rantse na faɗa. Amma kin san mu. A garin nan baƙo yakan ce ya ƙoshi kafin ya ci, malami yakan ce shi ɗalibi ne, mai magani yakan ce shi bai iya komai ba sai abin da Allah Ya yi. Ba wanda ke ɗaukar musun farko da gaske, ladabi ne kawai. Iya Habi ta gyaɗa kai ta ce ai masu sani dama haka suke cewa, ta ƙara gyara zama. Ni ma kuma a cikin muryar ladabin na faɗe shi, ba a cikin muryar da ake hana yaro taɓa wuta ba.

Na dubi fuskarta, ta rame. Na ce a raina me zai ɓaci in tsohuwa ta yi barci yau. Na buɗe shafin, na rubuta sunan Ilu, na taɓa wajen Kano don in kawo mata shi kusa. Koren rubutu ya zuba, taswira ta juya, ɗigo ya fito. Na ce ga shi nan wajen Kano. Ba ta san taswira ba, ba ta kuma tambayi komai a kanta ba. Ɗigon ta ƙura wa ido yana haske yana dushewa, yana haske yana dushewa.

Ta ce, "Mushe, numfashi yake yi."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ta sa mini albarka har ta fita zaure. Na ci ƙulin nan ina jin kaina mai sadaka. Na karanta labaran sarakunan da da masu duba da ke gaya musu abin da suke son ji, na sha yi musu dariya a gaban aji. Ban lura ba cewa bambancina da mai bugun ƙasa shi ne nawa yana bukatar kuran.

Abin da ban sani ba shi ne maganar gona. Gonar Ilu tana hanyar Dawce, ita ce abincinsu na shekara. Ƙanen mijinta, Malam Sale na Icirnawa, ya zo ya ce mata tunda yaron bai dawo ba, ta bari ya kawo iri shi da 'ya'yansa su shuka in ruwa ya sauka, in ya dawo ya karɓi abinsa, in bai dawo ba a raba amfani kamar yadda aka saba. Ta ƙi. Ta ce Ilu yana Kano, tafiyar yini guda, Mushe ya gan shi da idonsa. Ta ce tun da ya girma ba wanda ya taɓa sara masa ramin shuka, kuma a shuka gonar mutum yana kan hanya kamar an ce ba zai iso ba ne, ita ba za ta yi wa ɗanta wannan baki ba. Malam Sale ya koma da irinsa.

Ruwan farko ya sauka. Gari ya watse zuwa gona, kowa da sungumi da ƙwaryar iri. Gonar Ilu tana kwance, ita kuma Iya Habi tana tasha tana duba duk motar da ta fito daga iyaka. Uwarki ce ta kawo mini labarin. Ta ajiye mini abinci, ta ce in ci da kyau, don baɗi mu ne za mu ciyar da Iya Habi, tunda na'urata ta hana ta shuka. Ba ta ɗaga murya ba. Kin san ta, ba ta bukata. Ta ƙara da cewa in ruwa na biyu ya wuce, sai dai a shuka wake a yi addu'a.

A nan ki tsaya ki ji, don wannan ce nasihar da na rubuta takardar dominta. Kada ki taɓa nuna allon ƙarya ga wanda ke jiran labari. Mai kallon fim ya zo ne don a ruɗe shi. Ɗalibi ya zo ne don a warware masa. Wanda aka yi wa wasa zai yi dariya kafin magariba. Amma mai jira ba kallo yake yi ba. Duk abin da kika ba shi zai ɗauka ya yi gini a kai, kuma ba za ki san me ya gina ba sai ya rushe. Ni barcin dare ɗaya na yi niyyar ba ta. Ita hatsin shekara ta ɗora a kai.

Na tafi gidanta da safe na gaya mata gaskiya, wannan karon da murya sosai. Sai ga abin da ban zata ba: ta ƙi yarda. Ta dube ni ta ce in na sake dubawa na ga ɗigon ya mutu, in faɗa mata kawai, ita Musulma ce, za ta ɗauka. Duk yadda na rantse cewa na'urar ba ta ganin kowa, sai ta ƙara tabbata mugun labari nake ɓoyewa. Ƙaryar ta shiga da taɓa yatsa ɗaya, ga ni da bakina duka na kasa fitar da ita. Na dawo gida gumi har cikin takalmi, na kira ki, na faɗa miki abin da na yi. Na gode da ba ki yi dariya ba ranar. Na ga kafaɗunki, ba su motsa ba.

Sauran kin sani, amma bari in faɗa yadda na gan shi. Kika ɗauki ordinatar muka koma tare. Kika zauna kan tabarma kusa da ita, ba ki yi mata bayanin komai ba. Kika ce ta danna maɓallan da kanta, ko wanne, da duk yatsunta. Ta danna a tsorace, koren rubutu ya zubo mata kamar yadda ya zubo mini. Kika ce, Iya, ashe ke ma kin iya. Sannan kika tambayi sunan akuyarta da ke ɗaure a turke tana cin ƙaiƙayi. Ta ce akuya ba ta da suna, Ja ake ce mata. Kika rubuta Ja, kika kama yatsan Iya kika taɓa shi can gabas a taswira. Ɗigo ya fito yana numfashinsa. Kika ce ga Ja nan a Makka.

Iya Habi ta dubi allon, ta dubi akuyar, ta sake duban allon. Ta ce ashe Hajiya ce a gidan ba ta sani ba, ita ko Damagaram sau nawa ta je. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga nan dariyar ta juye, ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ta buɗe, ni ta kalla.

"Ke nan kai ma ba ka san inda yake ba, Mushe."

Na ce ban sani ba, Iya.

"To da ka bar ni da rashin sanina. Da shi na san abin da zan roƙi Allah. Kai ka sa na yi ta godiya a kan abin da ba a ba ni ba tukuna."

Na karanta littattafai da yawa, ba wanda ya taɓa yi mini faɗa a taƙaice haka.

A ranar ta aika wa Malam Sale. Ruwa na biyu ya sauka, Allah Ya sa bai yi gaggawa ba. Muka fita gayya: shi da 'ya'yansa, da ke, da uwarki, da ni. Malam Sale ya ba ni sungumi, ya dubi layin da na sara, ya ce Mushe wannan taswirar wace ƙasa ce, ya karɓe ya ba ni ƙwaryar iri. Iya Habi ta bi bayana tana gyara duk ramin da na rufe da diddige. Tafin hannuna ya yi bororo, bayana ya yi mako yana zagina. Ban taɓa jin daɗin ciwo irin wannan ba.

Neman Ilu kuwa muka koma yin sa yadda ake yi tun kafin a haifi na'ura: na bi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya, na ba da sallahu ga duk mai shiga Nijeriya, a faɗa wa 'yan garinmu na can su faɗa wa na gaba. A haka labari ya zo ta bakin wani direba cewa an gan shi, an sace masa salula, zazzaɓi kuma ya kwantar da shi a wajen wasu 'yan Kance, amma ya tashi. Ya iso ana noman firi, ya rame kamar sanda, ya tarar da geronsa ya tsaya kore. Da ya zo gaishe ni ya ce ya ji an ce na gan shi a Kano, shi kuwa a lokacin ko ƙofar ɗaki ba ya iya kaiwa a Ikko, to ko wani Ilun na gani, in gaya masa inda yake ya je ya karɓo salularsa a wajensa. Na ce ya je ya tambayi Hajiya, tare suka yi tafiyar. Har yau sunan akuyar ke nan a unguwa.

Kafin a rufe lakwal na koma ajin nan na ƙarasa darasin da na bari. Na sa kowa ya rubuta sunan da ya ga dama. Sun kai daraktanmu tsakiyar teku. Ina jin a duk shekarar shi ne darasin da ya zauna musu.

Ordinatar na ba ki ita, 'yan Kano za su ce miki kwamfuta, kada ki yi musu gardama. Ki yi finafinanki da ita, ki sa jandarmarki ta gano duk shanun duniya. Ki yi wa abokan karatunki wasan shuɗin allo in sun cika girman kai, amma ki tsaya kusa, yatsanki a kan maɓallin kusurwa. In za ki ce a'a, ki faɗe ta yadda ba za a ɗauka ladabi ba ne. In ba ki sani ba, ki ce ban sani ba, ki bar mutum da Ubangijinsa.

Abu na ƙarshe. In salularki ta ɓace, ko ta lalace, ko karatu ya sha kanki, ki ari ta wani ki kira. Kin fi kowa sanin cewa ubanki ba shi da na'urar da za ta gaya masa inda kike. Tasha kawai na sani, kuma na ga yadda zaman jira a can yake mayar da mutum.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da yabon da ya fi ƙarfinki, Ya dawo mana da ke lafiya kafin a ci sabon gero. Uwarki tana gaishe ki. Iya Habi ta ce ƙulin da ke ƙasan jaka naki ne ke kaɗai, ban da gwaggonki.

Wassalam.

Mahaifinki.